Kwandon Sharar Kwamfutar Murja

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da Muktar ya dawo daga ma'aikata. Ya cire takalmi, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar falo, kamar yadda ya saba tun rasuwar matarsa Murja. A unguwar Kurudu suke zaune, shi da 'yarsa Mashkura mai shekara goma sha shida, da yayarsa Safara'u wadda ta taso daga Zariya ta riƙe musu gidan. Safara'u mace ce mai dokoki, kuma babbar dokarta ita ce ba a shara, ba a zubar da shara, in magariba ta kawo kai.

Murja malama ce. Kafin ciwo ya kwantar da ita, takan karanta littattafan firamare ta naɗi muryarta saboda yara makafi, kuma manhajar da ta yi aikin da ita ba ta buɗewa a ko'ina sai a wannan kwamfuta. Shi ya sa Muktar ya hana a sabunta ta, ya hana a taɓa ta. Babban mutum, mataimakin darakta, sai ka gan shi ya zauna yana sauraron darasin shuka gyaɗa na 'yan aji huɗu yana share ido. Abin dariya ne, amma ba wanda ya taɓa yi masa dariya a gidan.

Ran nan ya danna, alamar jira ta juya, ta juya, ta ɓace. Ya sake dannawa. Ya kashe ya kunna. Falon ya yi tsit, sai ƙarar fankar na'urar.

"Wa ya taɓa min kwamfuta?"

Safara'u ta ce ita ko inda ake kunna ta ba ta sani ba. Mashkura ta sunkuyar da kai ta ce ba ita ba ce. Muktar ya daɗe yana kallonta, kallon da bai kamata uba ya yi wa marainiya ba, sannan aka kira salla ya fita.

Washegari manhajar hotuna ta ƙi buɗewa. Bayanta ta rubutu, bayanta ta duba kwanan wata, ɗaya bayan ɗaya kamar ana bi ana rufe ɗakuna. Ya kira Precious, mai gyaran kwamfuta a kasuwar Karu. Ta zo ta duba, ta gyara agogon na'urar, ta cire manhajar ta mayar, ba abin da ya motsa. Sai ta yi masa bayani da gurguwar Hausarta.

"Oga, wannan sistem ya tsufa. Mutanen da ya yi shi sun bar shi tun tuni, ba su aiko masa komai. Sai an wanke shi duka, a sa sabo."

"Muryar fa?"

"Zai tafi. Da manhajar yana buɗe, da na kwashe maka. Yanzu kam babu hanya."

Ya sallame ta, a ransa yana cewa sabuwa take so ta sayar masa. Daga nan zargi ya cika gidan. Ya zargi Safara'u, don ta sha ce masa zaman nan gaban na'ura ba makoki ba ne, ciwo ne. Safara'u ta zargi Precious. Mashkura kuwa ta daina cin abinci a falo.

Jifa ya fara ne da wata magariba. Dutse ya faɗo kan kwano, ya gangara a hankali har ya tsaya. Na biyu ya biyo. Muktar ya zagaya bayan gida da sanda yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga kowa ba sai ciyawar fegin da ba a gina ba tana tsaye cak. Da ya dawo, kwamfutar da ya zare wa wayar wuta da hannunsa tana kunne, kuma a fuskarta ba abin da ya rage sai hoton ɗan kwandon shara.

Kullum haka, da an kira magariba sai duwatsu. Sannan aka fara jin kuka siriri, irin na jarirai da yawa, yana fitowa daga kusurwar falo. Ranar da Mashkura ta faɗi a bakin ƙofar kicin, idonta ya juye, ta riƙa cewa "Ina kuka kai su?" da wata murya ta tsohuwa, Safara'u ba ta nemi izinin kowa ba. Ta aika Abaji aka ɗauko Malam Ɗangoggo, wani dattijo mai ruƙiyya da ta sani tun suna Zariya.

Malam ya iso bayan la'asar. Siriri ne, ba ya son surutu. Ya sa aka kwantar da yarinyar a kan tabarma, Safara'u ta riƙe ta, ya fara karatu a hankali. Haske na raguwa a taga. Da ya yi nisa, jikin Mashkura ya sandare.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan can." Hannun yarinyar ya nuna kwamfutar. "Kufai na samu na shiga. Waɗanda suka gina shi sun tashi. Matar da ke share shi ta mutu. Shi kuma wannan leƙe kawai yake zuwa yi, ɗaki ɗaya, ya fita."

"Me yarinya ta yi miki?"

"A juji na ajiye 'ya'yana. Shekara da shekaru ba a kwashe shi ba. Ita ta zo ana kiran magariba, ba bisimilla, ba gafara dai, ta kife shi. Har yanzu ban gama tattara su ba. Shi ne na rurrufe ƙofofi."

Muktar ya miƙe zumbur. "Na sani! Na san ita ce ta taɓa!"

Tsohuwar murya ta yi dariya. "Na'urar ce ta rubuta cewa wuri ya cika, za ta tsaya. Yarinyar ta ji tsoro kada ka dawo ka rasa muryar uwarta, ta je ta samo maka wuri. Kai kuma ka sakanta mata da harara."

Ya koma ya zauna, kunya ta rufe shi.

Malam ya ce, "Ba ta san kina ciki ba. Ki fita daga jikinta."

"Zan fita. Har in buɗe masa ɗakin da yake so. A bar min gidana yadda yake, ni kuma in riƙa leƙo ta da magariba, ɗan lokaci kaɗan." Sai muryar ta canja, ta yi laushi, ta zama wadda kowa a gidan ya sani. "Darasi na bakwai. Yara, ana shuka gyaɗa ne bayan ruwa ya zauna..."

Safara'u ta saki salati. Muktar kuwa ya rufe ido yana sauraro. Sauraron nan ya yi tsawo fiye da yadda ya kamata, don tayin ya shiga ransa, kuma ba za a ɓoye wannan ba.

Malam ya dube shi. "Ba matarka ba ce, ka sani. Zan iya korar ta yau, amma muddin kufai na tsaye a falonka za ta dawo. Abinka ne, ba zan yanke maka ba."

Muktar ya buɗe ido. A kan tabarma 'yarsa ce, ta rame, leɓenta ya bushe, an ari bakinta ana ciniki da shi.

"A wanke kwamfutar," in ji shi. "Duka."

Aljanar ta yi kururuwa, ta yi zagi, Malam ya ɗaga murya da karatu har ta roƙi afuwa. Ta nemi a bar ta zuwa hantsi ta kwashe 'ya'yanta. Malam ya yarda, ya sa ta rantse da Allah ba za ta waiwayo ba. Mashkura ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido tana tambayar me ya tara mutane a kanta.

Da hantsi Precious ta zo. Muktar da kansa ya tsaya gaban na'urar ya yi bisimilla, ya ce duk wanda ke ciki ya fita, sannan ya danna inda ta nuna masa. Kafin azahar komai yana buɗewa fes, kuma babu komai a ciki.

Jifa ya tsaya. Muktar ya nemi gafarar 'yarsa, ta ce ba komai. Amma da magariba ba ya sanin inda zai sa kansa, sai ya zauna a falo yana kallon bango. Wata rana yana zaune haka, ya ji murya daga ɗaki tana karatu a hankali, tana jan ƙarshen kalma, tana ɗan tsayawa kafin sabuwar jimla. Ya ruga kicin ya kama hannun Safara'u.

"Yaya, ta dawo. Ki saurara. Muryar Murja ce."

Safara'u ta kasa kunne, sannan ta zare hannunta ta ci gaba da tuƙin tuwo.

"Mashkura ce ke bitar karatunta. Haka muryarta take tun bara, Muktar. Kai ne kana can ka juya mata baya."