Saƙon Da Ya Tsaya a Harafi na Ɗari da Sittin

Ranar da ta fara aiki, a bakin tulun ruwan ofis suka haɗu. Ya miƙa mata kofi, ya ce, "Ke ce sabuwar mai waya? Ni ne mai rumbu. Duk saƙon da kika rubuta, sai ya bi ta hannuna."

"To Allah ya sa hannun yana da tsafta," ta ce, kafin kunya ta rufe mata baki.

Manhajar da suke ginawa ta wani ƙaramin asibiti ce, tana tuna wa iyaye mata ranar rigakafin jarirai. Ita tana rubuta ɓangaren waya da nata yaren kwamfuta, shi yana rubuta rumbun da ke tura saƙonni da wani yaren daban. Yarukan ba sa jin juna, don haka kowace lamba sai an rubuta ta sau biyu. Tsawon saƙo: harafi ɗari da sittin a wurinta, ɗari da sittin a wurinsa. Alkawarinsu ɗaya ne: wanda ya taɓa lamba, ya gaya wa ɗan'uwansa.

Kafin a ankara ya raɗa mata Gimbiyar Waya, ita kuma tana ɓoye murmushi a bayan allo.

Wata safiya babbar nas ta nemi a tsawaita saƙon. Gimbiya ta mai da lambarta ɗari uku, ta tashi za ta gaya masa. Sai ta hango shi yana dariya da wata budurwa mai zanen manhaja, kawunansu a kan allo ɗaya. Ta juya ta zauna. "Idan ya gama dariyar ya tambaye ni," ta ce a ranta.

Da yamma saƙonsa ya shigo ta manhajar gwaji:

"Gimbiyar Waya, na daɗe ina juya maganar nan a raina, bakina ya kasa faɗa miki ido da ido. Ba zan iya ci gaba da wannan zaman namu haka ba. Na yanke shawara zan"

Nan saƙon ya tsaya. Ta ƙarasa masa da kanta: zan tafi. Ta kife wayar, ta daina amsa gaisuwarsa.

Ba a jima ba abin ya fashe. Rumbu yana datse sababbin saƙonnin a harafi na ɗari da sittin, kafin a kai ga inda aka rubuta ranar allura. Mata suka yi ta zuwa a ranar da ba tasu ba, da goyo, cikin rana, ana mai da su gida. Cikinsu har da yayar Gimbiya, da jaririnta mai kuka.

Shugaban ofis ya tsare mai rumbu a gaban kowa. "Injinka ne ya yanke saƙon!"

Ya duba allonsa, ya dubi nata. Ya gani sarai lambarta ce ta canza. "Zan gyara, ranka ya daɗe," kawai ya ce.

A gida Yaya ta kai wa Baba ƙara, ta ce an ce laifin mai rumbu ne. Baba ya ajiye tabarau. "Yaron da Mamanku ke yi mini zancensa ke nan? Wanda ya kasa riƙe lamba ɗaya ne zai riƙe mini 'ya? A bar maganar."

Gimbiya tana jijjiga jaririn, jikinsa da sauran zafin rana, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Baba, ni ce. Na canza tawa, na ƙi gaya masa saboda kishi. Ya sani, ya rufa mini asiri."

Yaya ta riƙe haɓa. "Au! Ashe kishinki ne ya gasa mini ɗa?"

Washegari ta maimaita maganar a gaban shugaba da duk ofis, kanta a ƙasa. Aka ja mata kunne sosai, aka sa ta kira matan ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri.

Sannan suka zauna, kujera kusa da kujera. Suka kwashe lambobin duka zuwa fayil guda, daga nan kowane yare zai ɗauki nasa. Idan an sami saɓani, manhajar ba za ta ma tashi ba.

"Mai zanen fa?" ta tambaya, ba ta kalle shi ba.

"Launin maɓalli muke wa dariya, Gimbiya. Yanzu sai gwaji."

Ya sake tura tsohon saƙon. Wannan karon ya iso da jelarsa: "…zan turo iyayena wurin Baba, idan kin yarda da ni."

Ta rufe fuska da mayafi. Amsarta ba ta kai harafi goma ba: "Na yarda."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon ya daɗe. "Na yi maka gaggawar hukunci, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari." Ya waiwayi 'yarsa. "Ke kuma, duk abin da kika canza a ranki, ki gaya masa tun da safe."

"Amin, Baba," ta ce a ƙarƙashin lulluɓi, kunnuwanta suna zafi.