Farin Gurbi a Shafi na Bakwai

"Kin sa hannu?"

Ban ɗago ba. Ina jera biro uku a kan teburina, shuɗi da baƙi da ja, kamar yadda nake yi kowace safiya tun rasuwar Baba, ko da yake ba na buɗe ko ɗaya.

"Da ke nake, Auta. Kin sa hannu a takardar sayar da jaridar nan?"

"Sai jibi."

"To jibin za ki sa?"

Tawada ke nan, mai kula da injin buga jaridarmu. Ni na laƙaba masa sunan, don tun da na san shi ban taɓa ganin farcensa fari ba. Shekara biyu muna tare. Baba ya sani, har yana tsokanarsa wai sai ya wanke hannu sau bakwai kafin ya ba shi 'yarsa.

"Umma ta yarda, Yaya ya yarda," na ce. "Ni wace ce?"

"Ke ce 'yar Edita!"

"Editan ya mutu."

Ya kawar da kai. Ni ma na ji yadda maganar ta fito, kamar ina faɗin ƙarfe nawa ne.

"Kin san abin da masu sayen nan suke so?" ya ce a hankali. "Ginin suke so, da sunan. Za su rufe inji, su mayar da jaridar shafin talla a waya. Teburin nan naki ma waje za a yi da shi. Ni kuma in aka rufe inji, aikin da zan samu sai a wani gari, tafiyar yini guda..."

"Allah ya ba da sa'a."

"Allah ya ba da sa'a?! Abin da za ki ce min ke nan?"

Na gyara jan biron, ya ɗan karkace.

Ya durƙusa a gefen teburin har fuskarsa ta zo daidai tawa. "Abar ƙaunata, sati uku ke nan. Ko hawaye ban gani ba. Ki yi min faɗa mana, ki zage ni, ki jefe ni da biron nan... ki yi wani abu!"

"Ba na jin komai, Tawada. Me kake so in yi?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙe ya koma ɗakin inji, ya ja ƙofa a hankali. Da ya buga ta da ƙarfi ma, ina jin da duk ɗaya ne.

Teburina yana bakin ƙofar shiga ne, da benci a gabansa. Nan mutane ke zama su faɗa mini abin da suke so a buga a shafi na bakwai: rasuwa, haihuwa, cigiyar yaro, cigiyar katin shaida, godiya. Baba yana da doka ɗaya a kan teburin nan. Duk abin da na rubuta, sai na karanta wa mai shi da babbar murya, ya saurara, ya ce "haka ne", sannan a kai ɗakin inji. Ko da mai shi farfesa ne. Baba yakan ce rabin masu zama a bencin nan ba sa karatu, kuma ba zai bari a gane su waye ba.

Ranar da Baba ya rasu, Tawada ya ware gurbi a saman shafin, mai faɗin tafin hannu, ya zagaye shi da baƙin layi. Ya ce in rubuta sanarwar. Na ɗauki biro, na ajiye. Wa zan karanta wa? Wa zai ce mini haka ne?

Washegari jarida ta fito da gurbin fari fat. Ta sake fitowa da shi. Tawada ya ƙi cike shi da talla, ya ƙi bari wani ya rubuta. Kwana ashirin da ɗaya ke nan.

Da yamma na tarar da Yaya a falo, takardu baje a gabansa. Umma tana zaune a gefen kujerar Baba, ba a kanta ba, tana goge tabaransa da bakin mayafi.

"Jibi ƙarfe goma," Yaya ya ce. "A ofishin Baba. Lauyansu zai zo. Kar ki makara."

"To."

"Na kuma ji labarin wannan mai baƙin hannun naki yana bi yana zuga masu sayar da jarida."

"Ban sani ba."

"To ki sani! Jaridar nan ita ta cinye Baba, Auta. A kan kujerar ofis ya faɗi, ba a gadonsa ba. Ranar da na gama makaranta yana ina? Yana gyaran kanun labari! Ba zan bari ta cinye ki ba, ba kuma zan bar aikina in dawo in zauna mata ba. In kin zaɓi bin bayan saurayinki, ki faɗa mini yanzu in san ba ni da ƙanwa a wannan magana."

"Kai, ya isa," Umma ta ce, ba ta ɗago ba.

"Umma, gaskiya ce ai."

"Na ce ya isa."

Na ce zan sa hannu. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da takalmina a ƙafa. Wayata ta yi haske sau huɗu, sunan Tawada. Na bi hasken da ido har ya mutu.

Da safe ina jera birona sai ga Ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin nan, har da ni. Ta zauna a benci da nishi, ta kwance bakin zane, ta fito da 'yar takarda.

"Ke 'yar Edita, wane irin lalaci ne wannan? Kullum in sayi jarida in tarar da rami a ciki. Na ce tunda ku masu boko kun kasa, bari ni in cike."

Gurbin ne. Ta yanke shi da almakashi, ta yi rubutu a ciki da fensir, manyan baƙaƙe masu hawa da gangara. Da furfurarta ta shiga ajin manya ta koya.

"Karanta min in ji, ko na yi shirme."

Na karanta. "Edita ya rasu. Shi ya buga cewa asibitinmu ba ruwa, aka kawo ruwa. Allah ya ba shi ruwan Aljanna."

"Haka ne," ta ce. Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Na nuna wa mai gyaran takalmi, ya ce shi ma zai yi. Ke kuma ki riƙa cin abinci, kin koma kamar biron naki."

Na sa takardar a aljihun tebur. Ban faɗa wa kowa ba.

Ranar sa hannu, mota ta kasa kai mu bakin ƙofa. Layi ne tun daga teburina har ya karya kwana ya wuce shagon mai walda. Babu ihu, babu allo ɗage a sama. Mutane ne kawai a tsaye cikin rana, kowa da 'yar farar takarda irin ta Ungozoma a hannu. Malaman makaranta, direbobi, mata masu goyo, telan da ke ɗinka wa Baba kaya.

Yaya ya hango Tawada a bakin ɗakin inji. "Aikinka ne wannan ko?"

"Wallahi Yaya ba ni ba ne. Ni taro na so in haɗa, mutum tara suka zo. Wannan kam ban san inda ya fito ba."

"Kar ka ce min Yaya!"

Muka shiga ofishin Baba. Lauyan kamfanin da zai saya yana zaune, mutum mai fara'a da ƙamshin turare. Ya nuna inda kowa zai sa hannu, ya ce kada mu damu da na waje, haka mutane suke, sati biyu sun manta. Yaya ya sa nasa. Aka turo mini takardar. Na buɗe biro, karo na farko cikin sati uku.

Sai aka turo ƙofa. Ungozoma ce da kwali a hannu, ta dire shi a kan teburin, a kan takardar lauya ma.

"Mun gaji da tsayuwa. Ga shi nan mun tara. In kun sayar, sai ku haɗa musu da wannan."

"Mene ne a ciki?" Umma ta tambaya.

"Mijinki ne, yarinya."

Umma ba ta karatu. Shekara talatin da biyar Baba ke karanta mata jaridarsa bayan cin abinci, tana gyara masa inda ya cika surutu. Ta sa hannu a kwalin ta ɗauko 'yar takarda guda ɗaya, ta jujjuya, ta miƙo mini.

"Karanta min, Auta."

"Umma, lauya yana jira," in ji Yaya.

"Ya jira."

Na karanta. "Ɗana ya ɓata kwana biyu. Edita ya buga hotonsa a shafin farko, ya cire hoton manyan gari. Yanzu yaron yana da 'ya'ya uku."

Ta miƙo wata.

"Sau biyu ya rubuta sunana ba daidai ba. Na yafe masa."

Wani ya yi dariya daga bakin ƙofa. Umma ma bakinta ya ɗan motsa.

"A jaridarsa na koyi haɗa baƙi. Ina naɗe kaya da ita a shago, ina karantawa kafin in naɗe."

"Ranar da mijina ya rasu, 'yar Edita ta karanta mini sanarwar sau uku don na kasa cewa haka ne. Ba ta gaji ba."

Na tuna matar. Muryata ba ta canza ba, na ci gaba da karantawa kamar mai karanta jerin sunaye. Lauya ya duba agogo. Yaya ya miƙa hannu zai rufe kwalin, sai idonsa ya faɗa kan wata takarda. Ya ɗauka. Na ga yana karantawa, ya koma farko, ya sake.

"Ba ni," na ce. Dokar ke nan, sai da babbar murya.

Mai gadin ofis ne ya rubuta. "Ranar da babban ɗansa ya gama makaranta, Edita bai samu zuwa ba, gobara ta tashi a kasuwa. Ya kira ni ya nuna mini hoton yaron ya yi ta kuka. Hoton yana aljihun tebur na dama har yau."

Yaya ya zagaya teburin, ya ja aljihun. Bai fito da abin da ke ciki ba. Ya tsaya kawai yana kallo, ya juya mana baya.

Umma ta ture takardar lauya gefe da yatsa ɗaya.

"Bawan Allah, yi haƙuri, mun ɓata maka lokaci. Ka koma ka ce musu, duk mai son jaridar nan zai ɗauke ta da injinta da ma'aikatanta da bencin can na bakin ƙofa. In ba haka ba, tana nan inda take."

"Hajiya, ai ɗanki ya riga ya sa hannu..."

"Hannu uku kuka ce. Kun samu ɗaya."

"Ɗayan ma ku bar shi," Yaya ya ce, bai juyo ba.

Bayan lauya ya fita, Umma ta miƙe. Na zaci gida za mu. Sai ta wuce ta ratsa mutane, ta je ta zauna a bencin da ke gaban teburina, ta ɗora jaka a cinya kamar kowa.

"Zauna ki rubuta," ta ce.

Na zauna. Na ɗauki baƙin biro.

"Ki ce, mijina ya rasu. Ki ce bai iya dawowa gida da wuri ba, amma bai taɓa dawowa da ƙarya ba. Ki ce ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya biyu, da jarida ɗaya, kuma dukkansu suna nan. Shi ke nan. Karanta min."

Na fara. "Mijina ya rasu..."

Nan muryar ta tsaya. Wani abu ya taso mini daga ƙirji kamar an cire murfi. Na ga baƙaƙen suna narkewa, ashe ruwa ne ke ɗiga a kansu.

"Baba..." na ce. "Umma, Baba ya mutu!"

"Na sani, Auta. Karanta."

Sau uku ina farawa ina tsayawa. A layin mutanen, ba wanda ya ce in yi sauri. A na huɗu na kai ƙarshe.

"Haka ne," in ji Umma.

Wani hannu ya miƙo ta gefena don karɓar takardar, farce baƙi ƙirin. Ban saki ba. Na riƙe gefe ɗaya, ya riƙe ɗaya.

"Ka yafe min," na ce. "Kar ka tafi garin nan mai nisa."

"Ina za ni, rabin raina? Inji na jira, ke ma..."

"Kai, Tawada kake ko wa?" Umma ta katse shi. "Ka je ka buga wannan tukuna. In ka gama, ka zo gida ka ga yayanta. Sau nawa marigayi ya ce ka wanke hannun nan?"

"Sau bakwai, Umma."

"Ka yi takwas," Yaya ya ce daga ƙofar ofis, hoton yana hannunsa.

Washegari jarida ta fito babu farin gurbi. A gefen baƙin layin, can ƙasa, akwai ɗan tabon yatsa da ya bi takardar har cikin inji. Tawada ya ce kuskure ne, zai gyara a bugu na gaba.

Na ce ya bar shi.