Ƙofar Gwajin da Ingunn ta Manta

Ingunn Haugland ba ta koma aiki ba tun Talata. Ita ce injiniyar da ta killace ƙananan manhajojin da ke riƙe bayanan majinyata a birnin Tromsø, kowace da ɗakinta daban cikin kwamfuta, don kada mai kutse ya tsallaka.

Da yammacin ranar, cikin duhun hunturu, ta tarar da baƙo tsakanin na'urorin da ke ɗakin kwamfutoci na wurin aikinta. Iskar fankoki ba ta kaɗa gashinsa.

"Malam, ta ina ka shigo?"

"Sannu da gini, Ingunn. Ta ƙofar da kika bari a buɗe cikin manhajojin don gwaji."

Bakinsa bai motsa ba. Daga na'urar da ke bayanta muryar ta fito.

An toshe ƙofar. Har yau ba a ga fitarsa ba.