Kofi na Uku a Hanyar Kalfu

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya Ma'azu ya ɗaure jakar tsaraba a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kama hanyar Kalfu wajen yayarsa Raƙiya. Kwanansa goma sha biyu da dawowa garinsu Tawa, bayan shekara tara yana yawon biɗa a ƙasashen waje. Innarsu ta rasu yana can. A fadar shayi ta unguwa kuwa, da ya buɗe baki da labarin waje sai samari su duƙa kan wayoyinsu. "Mun gani a bidiyo," in ji su. Cikinsa fal labari, ba mai saurare.

Rana na gab da faɗuwa moto ya mutu a bakin wani busasshen rafi. Ya buga, ya buga, shiru. Sai ƙanshin shayi ya daki hancinsa.

Ƙarƙashin wani gawo, wani tsoho ne zaune da rawani har kan hanci, yana fifita gawayi. Ba garke kusa, ba bukka. Bakin Ma'azu ya saba da gaisuwar waje, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bonsuwar, Baba." Bai yi sallama ba.

"Zamna, ɗana. Ƙamshin nesa gare ka." Ya miƙo kofi na farko. "Ina ka ga abin da ya hi ba ka mamaki?"

Tun da ya dawo ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya kurɓa, ɗaci ya ratsa shi, baki ya buɗe. Ya ba shi Abijan: ruwan da ya raba gari, jemagu dubbai suna rufe sama da magariba, aceke, dambun rogonsu, da soyayyen kifi a bakin titi, ruwan saman da kan kwana uku bai ɗauke ba.

Tsohon ya ja dogon numfashi, kamar mai shaƙar turare.

"Ƙaro."

Kofi na biyu ya fi zaƙi. Ma'azu ya ba shi Istambul: masallatai suna amsa wa juna kiran salla ta tsallaken teku, kyanwowi suna barci a kantuna kamar masu gida, ranar da ƙanƙara ta fara sauka a tafin hannunsa ya tsaya yana dariya shi kaɗai.

Iska ta tsaya. Gyare ya yi shiru.

Ma'azu ya so ya ƙara wani abu kan Abijan. Ya laluba. Babu. Sunan yana nan, amma wayam, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Ya juya ga Istambul. Ita ma tana zubewa.

Daga cikin rawanin tsohon, warin kifi da gishirin teku ke fitowa.

Kofi na uku ya iso gaban Ma'azu. A ƙasar nan ba a tashi a bar na uku, cin fuska ne ga mai shayi. Hannunsa ya karɓa da kansa.

"Saura guda," muryar tsohon ta yi ƙasa. "Garin da ya hi zame maka baƙo."

"Tawa," ya ji bakinsa ya faɗa.

"Ba ni."

"Akwai wani gida mai ƙofar kwano shuɗiya. Innata kan zamna bakin murhu da sahe, ta kira ni da wani suna, ta ce..."

Ya faɗi sunan. Nan take ya nemi abin da ya faɗa, ya rasa.

Fuskar Inna ta fara dusashewa, daga goshi.

Ya dubi garwashin. Ba hayaƙi. Ba zafi.

Tsohon ba shi da inuwa.

"Ƙarasa, ɗana. Shayi na hucewa."

Ma'azu ya cije harshe har ya ji jini. Da ƙyar a'uziyya ta fito. Ya kife kofin a ƙasa, ya tashi da gudu, ƙaya na yagar ƙafafunsa. A bayansa, tsakiyar dajin Adar, jirgin ruwa ya busa ƙaho. Sau ɗaya, mai tsawo.

Ana sallame magariba wani mai amalanke ya tsince shi a bakin hanya, ba takalmi, ya kai shi Kalfu. Washegari aka ɗauko moto. Bugu ɗaya ya tashi. Gindin gawon ba ko toka.

Raƙiya ta yi jinyarsa kwana huɗu. Da ya warware ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta zauna kusa da shi.

"To, ɗan yawon duniya, yau ni za ka biya wa. Shekara tara ina jiran labarin ga."

Ya buɗe hotunan wayarsa. Ga shi tsaye a bakin teku yana dariya. Ya daɗe yana kallon mutumin.

"Ban san wurin ga ba, Yaya." Ya ajiye wayar. "Wane suna Inna ka kirana da shi?"

Ta faɗa masa. Ya maimaita a hankali. Kafin furar ta ƙare ya sake tambaya.

Bai ƙara fita biɗa ba. Fuskar Inna tana nan, ita ya tsira da ita. Sunan kuwa, duk ranar Juma'a yakan hau moto ya je Kalfu kafin rana ta karkata, ya yi sallama da ƙarfi tun daga ƙofa, Raƙiya ta sake faɗa masa.