Ƙoren Inna Shatu

A farkon sanyin bara waccan, bayan manoma sun gama kai gero gida, Khairunnisa 'yar Alhaji Nagoggo ta raka ƙawarta Chidinma rijiyar Kusugu. A Daura aka haifi Chidinma, mahaifinta Nwafor ya shekara talatin yana sayar da kayan gyaran mota a garin, amma ba ta taɓa leƙa rijiyar ba sai ranar. Da suka shiga, sai suka tarar da wani saurayi sanye da farar shadda ya kwanta rub da ciki a ƙasa, yana saita kyamara. Khairunnisa ta dube shi, ta dubi shaddar, ta yamutsa fuska.

"Malam, a garin nan ba a kwanciya a bakin rijiya sai in an suma," in ji ta.

Ya miƙe yana kakkaɓe gaba, ya ba ta haƙuri kamar shaddarta ya ɓata. Ya ce sunansa Munzali, ɗan Alhaji Maiturare wanda ya bar Daura ya zauna Kano tun kafin a haife shi. Yana aiki da wasu matasa masu shirya baje kolin fasaha duk lokacin sanyi a Kano, inda ake nuna zane-zane da wasan kwaikwayo da kiɗa har kwana goma, ya zo ne neman abin da zai wakilci garin iyayensa. Ta ce masa ita malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata, kuma garin iyayensa ba ya buƙatar wakili. Chidinma ce ta ba shi lambar wayar ƙawarta, ta kuma rantse daga baya cewa kuskure ne.

Da la'asar saƙo ya shigo: "Malama, na wanke shaddar. Ƙasar ta fita, maganarki ce ta ƙi fita."

Ta bar shi kwana biyu, kamar yadda ya kamaci 'yar mutunci, sannan ta amsa: "A ƙara sabulu, Mai hoto."

Cikin makonni shida ya zo Daura sau biyar. Ya bi hanyar da aka gada, ya turo baffansa ya nema masa izinin zance, Alhaji Nagoggo kuwa ya yarda saboda ya san gidan da ya fito. A zaure suke zama, ita a lulluɓe cikin mayafi mai kauri, shi yana murza hannuwa don sanyi. Yana kiranta Hairuna, tana cewa ba ta zama tasa ba tukuna, amma ba ta taɓa hana shi ba.

A cikin gidan akwai kakarta, Inna Shatu, mahaifiyar Alhaji, kuma a ɗakin Inna akwai ƙore goma sha biyu masu zanen wuta, wato zanen da ake yi da baƙin ƙarfe mai zafi. Babbansu masaki ne da yakan ci furar mutum goma. Uwar Inna ce ta kawo su daga Dutsi ranar tarewarta. Tun daga nan, duk 'yar gidan da ta yi aure, da su ake yi mata jere, kuma a masakin ake dama furar farko a ɗakinta. Amare huɗu suka yi wa wannan hidima. Khairunnisa ce ta biyar. Duk Juma'a Inna kan goge su da lallausan yashi, ta shafa musu farar ƙasa, ta kife.

Ranar da Munzali ya shiga gaida tsohuwa ya gan su, sai da ya manta da gaisuwar. Ya roƙi a ara masa su kwana goma, mutanen birni su ga aikin hannun kakanni. Inna ta ƙi. Khairunnisa ce ta yi ta lallashi kwana uku, ta ɗauki alkawari a madadinsa cewa yadda suka tafi haka za su dawo, sannan tsohuwa ta yarda.

Kwana huɗu da buɗe bajen, Chidinma ta je Kano sayo wa mahaifinta kaya, ta biya ta wurin. Ta turo bidiyo ba tare da ta rubuta komai ba.

Khairunnisa ta kalla a tsaye, ta ƙarasa a zaune. An rataye ƙoren a bango ƙarƙashin fitilu ja da kore, suna ƙyalli kamar sabon takalmin ɗan sanda. Masakin kuwa an sauke shi kan tebur, an cika shi da gugguru. Samari da 'yan mata cikin rigunan sanyi suna cusa hannu suna ɗiba, wata ta lashe yatsu ta sake mayarwa. Wani gardi ya kifa ƙaramar ƙwarya a kansa kamar hula yana murguɗa baki ana ɗaukarsa hoto. Ta kashe bidiyon.

Ta rubuta masa: "Me ka shafa musu?"

Ya amsa nan take, da alama yana jiran yabo: "Hairuna, kin ga yadda suka fito? Man ƙyalli ne na kafintoci, ciki da waje, don zanen ya bayyana kuma kada ƙwari su ci. Yanzu za su shekara ɗari. Guggurun ba ni na sa ba, na riga na hana."

Ta kife wayar. Duk wanda ya tashi a gidan da ake dama fura ya san cikin ƙwarya yana shan abin da aka zuba masa. Ƙwaryar da ta sha man kafinta ta tashi daga ƙwarya, ta koma abin kallo. Munzali ya yi digiri a kan zane, amma bai taɓa wanke ƙwarya ba.

Kafin ta san yadda za ta faɗa a gida, an riga ta. Akwai wani ɗan ƙanwar Alhaji mai suna Dabo, dillalin hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Daura da Kongolam, wanda ya nemi Khairunnisa shekara biyu tana kaucewa. Shi ya ga hotunan a waya, ya kawo wa kawunsa har zaure, yana ta jajantawa da fuskar da ba ta yi kama da ta mai jaje ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya kira 'yarsa ya ce mahaifinsa ya taɓa fasa ba wa wani mutum ƙanwarsa don ya ari jaki ya dawo da shi da gyambo, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce tsohon ya yi zalunci ba. Mutumin da aka ba wa amanar ƙwarya ya sauya mata halitta ba tare da tambaya ba, in ji shi, haka zai yi wa mace. Ya ce daga yau an rufe maganar.

Munzali ya kawo ƙoren da kansa, ya durƙusa a ƙofar Inna. Tsohuwa ta ɗauki guda ta kai hanci, ta kawar da kai, ta tofar da yawu a gefe.

"Ɗan nan, uwata ta sha nono a wannan shekara hamsin. Yau warin akwatin amarya take yi."

Ya ce bai sani ba, kuma rashin sanin ba hujja ba ne. Ya roƙi a ba shi lokaci ya gyara. Inna ta aika aka kira ɗanta. Ta ce ƙoren nata ne, saboda haka hukuncin ma nata ne. Ta ba yaron wata guda. Ranar da ya dawo da su za ta sha nono a cikin kowace, in ta ji warin man a bakinta daga ko guda, to maganar Alhaji ta zauna. Alhaji ya sunkuyar da kai, domin a gidan ba a taɓa mayar wa uwa magana ba.

Munzali ya ajiye aikinsa na Kano, ya tare gidan baffansa, ya je wurin Mati gyartai, tsohon da ke ɗinke fasassun ƙore a kasuwa. Mati ya fara da zaginsa na rabin sa'a, sannan ya koya masa. Bayan ƙwarya da jiƙaƙƙen yashi ake bi, a hankali, domin in aka matsa hannu zanen zai tafi tare da man. Ciki kuwa kankara ake yi da lanƙwasasshen ƙarfe, siriri siriri, a jiƙa, a shanya, a sake. Ruwan safiya a watan Janairu ya farfasa masa yatsu har suna jini. 'Yan kasuwa suka riƙa tsayawa kallon ɗan boko yana wanke-wanke, Dabo ma ya zo sau biyu ya tambaye shi ko yana karɓar tukwane.

Mako biyu Khairunnisa ba ta ce masa uffan ba, domin kunyar kakarta ta fi mata zafi fiye da fushin mahaifinta. Sai Chidinma ta ba ta labarin hannuwansa. Ranar ta aika masa man kaɗanya a ƙaramin gwangwani, da saƙo: "Wannan na hannu ne. Kada ka shafa wa kayan kowa."

Ya rubuto: "Ko da Inna ta ƙi ni, Hairuna, zan gama su. Ke kika tsaya mini, ni na kunyata ki."

Ta karanta sau uku, ta amsa: "Ka gama. Ina nan."

Goma sha ɗaya suka fita tas. Masakin ne ya gagara. Ya fi sauran kauri da tsufa, man ya ratsa shi har inda in aka ƙara kankara zai huje. Mati, wanda zuwa lokacin ya fara tausayin yaron, ya ce a jiƙa shi da ruwan tsamiya kwana biyu, warin zai kwanta na yini guda, kuma yini guda ake buƙata. Munzali ya ɗauki masakin ya tafi.

Ranar alkawari aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Alhaji na gefe, Khairunnisa na bakin ƙofar ɗaki. Inna ta bi ƙoren ɗaya bayan ɗaya, tana zuba nono, tana kurɓa, tana ajiyewa. Da ta kai hannu kan masakin, sai Munzali ya matso.

"Inna, kada ki sha a wannan. Bai fita ba. Na yi iyakar yina."

Khairunnisa ta runtse ido. Alhaji ya gyara zama kamar mai shirin tashi. Tsohuwa ta janye hannunta, ta goge baki da gefen zane.

"Tun kana soro na jiyo warinsa," in ji ta. "Jira nake in ga ko za ka bar tsohuwa ta sha." Ta juya ga ɗanta. "Na ce in na ji wari a bakina. Ban sha ba, ban ji ba. Nagoggo, ka ba shi."

Alhaji ya koma ya zauna. Sannan ya ce ya tuna cewa mutumin nan mai jaki ɓoye gyambon ya yi da tsumma, ashe shari'ar ba ɗaya ba ce. Ya ce a turo manya.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah, a ƙofar gidan Alhaji Nagoggo, Nwafor na cikin waɗanda suka zo taya murna, Dabo kuwa ya aiko cewa yana Kongolam. Da ƙore goma sha ɗaya aka yi wa amarya jere a Kano, aka dama furar farko a wadda ta fi girma cikinsu, ba ta ishi kowa ba, sai da aka dama sau uku. Inna da kanta ta riƙa ludayin. Ta kama hannun jikarta ta ɗora a kan na angon, wanda har lokacin bai gama warkewa ba, ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai jin magana, ya kuma sa a cikinta a sami mai tambaya kafin ya taɓa kayan mutane. Ɗakin duka ya amsa da amin, ango ya fi kowa ɗaga murya.