Tsohon Faifan Mijinta

Da rana wata mata ta kawo wa mai gyaran kwamfuta laftof ɗin mijinta. Ta ce ya cire tsohon faifan ajiya ya sa sabo mai sauri, irin wanda ba ya ƙara, amma ya mayar mata da tsohuwar manhajar da ta saba da ita.

"Tsohon faifan fa, Hajiya?"

"Zubar da shi."

Bayan magariba mai gyara yana tattara kayan aiki, sai ga mutum tsaye gaban tebur. Bai ji an turo ƙofa ba. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon, alhali ba a yi ruwa ba.

"Malam, faifaina na zo karɓa."

Daga cikin kwandon shara faifan ya fara juyawa, ƙirrr, ba waya a jikinsa.

Mai gyara ya waiwayi kwandon. "Ai Hajiya ce ta ce..."

"Na ji ta. Wasiƙuna ne a ciki, da hotunan 'ya'yanmu." Mutumin ya yi wata busasshiyar dariya, ya miƙo hannu. "Tsohuwar manhaja ma ta ce a dawo mata da ita. Ni kuwa ta ce a zubar, yau kwana tara kacal da binne ni."