Saƙon da Bai Shiga Kunnen Kaka Ba

Akwai wata yarinya a unguwar Nima, ba ta da yawan magana. In abu ya dame ta, sai ta haɗiye shi. A makaranta ma ba ta yi nisa ba, tana taya mahaifiyarta Mma sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi.

Yayarta Hamdia ita ce mai karatu. Kullum tana shagon intanet a Kawukudi, tana neman jami'a a ƙasar waje.

A karo na farko da wata jami'a ta ɗauke ta, Mma ta faɗa wa kowa. Sai aka hana ta biza. Mutane suka dinga tsokana, "Baturiya, yaushe kika dawo?" Hamdia ta sha kuka. Mma ta ce bakin mutane ne ya kama ta.

Bana wata jami'a a Turkiyya ta ɗauke ta, biza kuma ta fito. Mma ta rufe ƙofa, ta ce, "Wannan karon babu mai ji sai ta sauka. Hamdia, ba ki zuwa sallama gidan kowa."

"Mma, Kaka fa?" in ji Hamdia.

Kaka ce ta goyi Hamdia tun tana jaririya. Tana zaune a unguwar Maamobi, a gidan haya mai mutane da yawa. Ba a kiranta a waya da maganar sirri, don maƙwabciyarta ce ke ɗaga mata.

Mma ta juyo wajen ƙaramar. "Ke za ki je. Ki faɗa mata a kunne, ta zo ranar Laraba da safe ta sa wa yayarki albarka. Kada wani ya ji. Kin gane?"

"Na gane, Mma."

Da ta isa, Kaka tana tsakar gida tana tsince wake. Mata sun kewaye ta, wata na wanki, wata na kitso. Yarinya ta gaishe su, ta zauna tana jira su tashi. Babu wadda ta motsa.

Ta matsa kusa, ta raɗa a kunnen Kaka.

"Me?" in ji Kaka. "Ɗaga murya. Kin san kunnen nan ya tsufa."

Ta sake raɗawa. Mai kitso ta tsaya da kitso. Mai wanki ta ɗago kai, ta ce, "Wace gulma aka kawo mana daga Nima?"

Yarinya ta ja da baya. In ta ɗaga murya, kowa zai ji. In aka sake hana Yaya tafiya, ita ce sila.

"Mma ce ke gaishe ki," ta ce da ƙarfi.

Kaka ta yi dariya. "A kan gaisuwa kike busa min iska a kunne? Ina amsawa."

A gida Mma ta tambaye ta, "Kin faɗa mata?"

Yarinya ta kalli ƙasa. "Eh."

Ranar Laraba Hamdia ta shirya tun da sassafe. Ta zauna a kan akwatinta tana kallon ƙofa. Duk wanda ya taɓa ƙofar sai ta miƙe. Mai tasi ya zo, ya gaji da jira.

"Mu ƙara jiranta kaɗan," in ji Hamdia.

"Jirgi ba ya jira," in ji Mma. Muryarta ta yi sanyi. "Dama ta taɓa cewa ba ta son ki yi nisa. Wataƙila fushi take."

Hamdia ta shiga mota tana share hawaye. Yarinya ta tsaya a ƙofa tana kallon motar har ta ɓace.

Kaka a bakin wata mai sayar da ƙosai ta ji labarin tafiyar Hamdia. Sai ta koma ɗaki. Tun daga ranar ta daina zuwa Nima. Mma ma ta daina zuwa Maamobi. Kowacce tana ganin ɗayar ce ta wulaƙanta ta.

Yarinya kuwa ta daina cin abinci sosai. Ko tana zuba wa mutane waakye, ita ba ta taɓawa.

Wata rana da yamma Hamdia ta kira. Fuskarta ta rame a cikin waya. Ta ce sanyi ya yi yawa, yarensu ba ya zama a kanta, ta faɗi jarrabawar farko.

"Mma, in na buɗe littafi Kaka nake gani. Na taho ba albarkarta, shi ya sa komai ya ƙi. Gara in dawo gida."

"Ki dawo? Bayan duk wahalar nan?"

"Na riga na tambayi yadda ake ajiye karatun."

Mma ta kashe waya, ta zauna a bakin gado tana kuka. Yarinya ba ta taɓa ganin Mma tana kuka haka ba. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mma, ban faɗa wa Kaka ba."

Mma ta ɗago. "Me kika ce?"

"Na raɗa mata, ba ta ji ba. Mata suna wajen. Kin ce kada wani ya ji. Na ji tsoro."

"To me ya hana ki gaya min da kika dawo?"

"Na ji tsoron faɗa."

Mma ta girgiza kai. "Da kin gaya min, da na je da kaina. Dubi inda shirunki ya kai mu." Ta goge fuska. "Ni ma da laifina, na manta da kunnen tsohuwa. Ɗauko mayafinki."

Suka hau motar haya, trotro, zuwa Maamobi. Kaka tana tsakar gida, matan nan suna nan. Da ta ga Mma sai ta kau da kai.

Mma ta tura yarinya gaba. "Ki isar da saƙonki."

Yarinya ta durƙusa. Ta kalli matan, ta kalli Kaka. Sai ta ɗaga murya har 'yan ɗakin ƙarshe suka leƙo.

"Kaka, an aiko ni in ce ki zo ki sa wa Yaya albarka. Ban faɗa ba. Ta jira ki har mota ta zo. Ki yafe min."

Kaka ta ajiye tiren wake.

"Ta jira ni?"

"Tana kan akwati, tana ta kallon ƙofa."

Hawaye suka zubo wa Kaka. "Ni kuma na ce ta samu boko ta manta da wadda ta goya ta." Ta jawo yarinya jikinta. "Ja'ira, ashe kina da murya."

Mma ta kira Hamdia. Kaka ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kai ta har hanci.

"Hamdia, wa ya ce ki dawo? Ki zauna ki yi abin da ya kai ki. Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki kai."

"Amin," in ji matan gidan gaba ɗaya, har da mai wanki.

Hamdia tana kuka tana dariya. Ba ta dawo ba. Da ta sake jarrabawa, ta ci. Kaka ta soya mata shito, miyar barkono mai yaji, aka ba wani matafiyi ya kai mata.

Tun daga nan yarinya ta gane. Riƙe sirri abu ne mai kyau, amma ɓoye kuskure ba riƙe sirri ba ne. In an aike ka ka kasa, ka koma ka faɗi gaskiya da wuri.